Likitar da Ta Sake Awo

Akwai wata likitar mata da ta ajiye aikinta ta koma makaranta neman digirin digirgir a kan lafiyar masu juna biyu. Jama'a, wannan karatu ba na zaman aji ba ne. Bincike ne, kuma ya riƙe ta yadda ƙaya ke riƙe bakin zane.

An ba ta wani ɗan ɗaki a bayan sashen awon ciki, mai taga ɗaya, ita ma kabad ya tare rabinta. A nan take bibiyar masu ciki tun daga farko har su sauka. Ƙa'idar binciken kuwa ita ce, duk wadda jininta ya hau, a cire ta a miƙa ta ɗakin kwanciya.

Mata suka yi ta raguwa. Wata ta yi ƙaura, wata mijinta ya hana. Ran nan Farfesa, mai duba aikinta, ya cire tabarau ya ce, "Likita, kin zo bakin gaɓa. In mace ɗaya ta ƙara fita, sakamakonki bai tsaya ba. Sai ki koma neman sababbi tun daga tushe."

Ta san ma'anar haka. Wata shekarar ke nan, ga 'yarta ƙarama can wani gari a hannun mahaifiyarta. Ko da ta kira waya, sai tsohuwar ta ce, "Yarinyar nan fa ni take kira Mama yanzu. Ke kuma ta ce wai Antin cikin waya." Likita ta yi dariya, amma da ta kashe wayar sai da ta goge ido. In ta bari, wahalar baya ta tashi a banza. In ta ci gaba, ba ta ga ƙarshe ba.

Wata safiya sai ga ɗaya daga cikin matan, wata tela mai barkwanci, cikinta ya tsufa, tana jan silifas.

"Likita, yau ma matse min hannu za ki yi? Ni da nake auna mutane, ga shi kullum ni ake aunawa."

Likita ta ɗaura mata na'ura. Jini ya hau.

Ta ce, "Yaya, matakala kika hawo. Ɗan huta tukuna." Ta sake awo, yana nan. Ta kwantar da ita, ta ba ta ruwa, ta sauya hannu. A wannan karon ya sauko ƙasa kaɗan da iyakar da ƙa'ida ta sa.

Zuciya ta ce mata, ai wannan ma awo ne, ba ƙarya kika yi ba. Rubuta shi, ki tafi ga 'yarki.

Tela tana laluben takalminta da ƙafa, ya ƙi shiga. Ta ce, "Kin ga ƙafar nan, ta zama turmi. Ga ciwon kai tun shekaranjiya. Jiya ma zare na kasa sa wa allura, sai wasu taurari nake gani da rana tsaka. Maigidan ya ce wai son jiki ne."

Likita ta san waɗannan alamu sarai. Su ne ke shigowa gabanin jijjiga, ciwon da kan tafi da uwa da ɗa. Ta dubi ƙofa, ta dubi matar da ke ƙoƙarin ɗaura ɗankwali tana murmushi.

"Yaya, ba gida za ki ba."

"Haba Likita! Kayan mutane na kan keke."

"Su jira. Kira maigidan ya same mu a ɗakin kwanciya."

Da kanta ta riƙe ta har kan gado. Kafin la'asar likitoci suka ga babu sauran jira, aka shiga da ita tiyata. Allah Ya kuɓutar da uwa da jaririyarta.

Washegari ta tsaya gaban Farfesa ta faɗa masa komai, har da sake awon. Ya saurare ta har ƙarshe. Can ya ce, "Daidai kika yi. Amma ƙa'ida ba ta san daidai ba. Sai ki sake farawa."

Ta koma ɗakinta. Makonni suka shuɗe, bencin ƙofarta babu kowa, don masu sabon ciki ba sa son a sani, balle su zo a rubuta su.

Ranar nan ta ji hayaniya a waje. Tana buɗewa ta ga tela da goyo a baya, benci ya cika da mata har wasu na tsaye, kowa na sunkuyar da kai don kunya.

"Yaya, su wane ne waɗannan?"

"An ce saboda ni kika koma baya. To ni tela ce, Likita. Duk wadda ta kawo riga a buɗa mata ciki, na riga mijinta sani. Na ce musu ga inda ake duba mutum tsakani da Allah. Ke, matsa ki ba ta hanya! Likita, ɗauko abin matse hannun, gobe ma akwai wasu."

Kafin waɗannan mata su gama sauka, Likita ta san ranar komawarta gida.

Darasi: Duk aikin da zai sa ka rufe ido a kan ran mutum don ka isa da wuri, ba isa ba ce. Riƙe amana ko da za ta mayar da kai baya, Allah Ya san ta inda zai buɗe maka. Ku tura wa masu karatun likita da duk wanda aka damƙa wa lafiyar wani.