Wanda Ya Tsaya Bayan Arzika

Son mulki ya rusa dauloli, ya raba ɗa da uba, ya cika littattafan tarihi da gawarwaki. A tsakanin Bodinga da Shagari kuwa, ya taɓa yin irin wannan aiki a kan wata kujerar roba da aka ɗaure ƙafarta ɗaya da waya.

Akwai wani mutum a Sifawa ana ce masa Arzika. Shekara goma sha ɗaya yana mataimakin shugaban ƙungiyar manoman albasa ta yankin. Kada ku raina shugabancin nan. Shugaba ke faɗin ƙauyen da za a fara kai wa taki, shi ke tsara motar da za ta fara lodi zuwa Kudu. In zaɓe ya matso kuma, ƙofar gidansa manyan motoci ke tsayawa, masu su su fito suna tambayar lafiyar albasa kamar sun taɓa riƙe fartanya.

Shugaban shi ne Alhaji Ɗantani, dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya. Shi ya ɗauki Arzika bayan rasuwar mahaifinsa, ya sa shi makaranta, ya yanka masa fadama, ya shige masa gaba wajen neman aure.

Arzika bai taɓa musun wannan ba. Abin dai shi ne, ya daɗe a kan benci kusa da kujerar nan, har ya haddace duk tsagar da ke jikinta.

Duk sanda ya ɗan taɓo zancen gaba, sai dattijon ya ce, "Ba a tuge albasa sai wuyanta ya kwanta, Arzika. Wadda aka yi wa gaggawa, cikin rumbu take ruɓewa."

Arzika yakan ce, "Haka ne, Baba." Sannan ya koma gida ya kasa cinye tuwonsa.

Ana nan sai Sama'ila ya shigo lamarin. Dillalin albasa ne daga Kajiji, mai yawan fara'a, irin fara'ar da ke sa mutum ya koma ya sake duba ɗaurin akuyarsa. Ran kasuwar Shagari ya ja Arzika bayan buhuna.

"Wai mi kaka jira?" in ji shi. "Wuyan tsohon ga ba shi kwantawa. Kakanshi sai da ya yi ɗari da huɗu."

Arzika ya yi dariya. Amma maganar ta hau babur tare da shi, ta bi shi har gida.

Sama'ila ya dawo, ya kuma dawowa. Ya rantse shi ba ya son kujera, ɗan kasuwa ne, ina shi ina zaman taro. Ya ce mutanen Kajiji da na Shagari duk sun gaji, an ma rubuta takardar tsige shugaba, mai karantawa kawai ake nema.

"In ni na karanta, a ce gaba ce. In kai ka karanta, a ce gaskiya ta kai inda ɗa ya hwaɗe ta a kan uba."

Daga ranar Arzika bai sake zama wuri ɗaya ba. Ya tada injin ban ruwa ya manta da shi, ruwa ya yi ta malala a fangalin albasa ɗaya. Ya fita ya dawo ɗaukar hula, alhali tana kansa.

Matarsa Rahamatu ta gaji da kallo. Ta ce, "Malam, in Sama'ila ba shi son kujera, mi ya sa tayar babur ɗinshi ta suɗe tsakanin Kajiji da Sifawa?"

Ya ce mata siyasa ba abin da mata ke ganewa ba ne. Ta yarda ba ta gane ba, ta ci gaba da tankaɗe.

Ranar taron ƙungiya aka hallara a gindin wata darbejiya a Bodinga. Arzika ya miƙe da takarda a hannunsa, ya karanta laifuffukan shugaba. Na farko, tsufa. Na biyu, ya yi gyangyaɗi ranar da wani baƙo daga birni yake jawabi kan noman zamani, jawabin da shi kansa Arzika bai ji ƙarshensa ba. Na uku, ba ya amsa saƙon waya.

Alhaji Ɗantani ya saurara ido a rufe, har wasu suka zaci yana tabbatar da laifi na biyu ne. Da aka gama ya buɗe ido.

"Ka iya karatu, Arzika. Ban yi hasarar kai ka makaranta ba."

Ya ciro hatimin ƙungiya daga aljihu, ya aza a kan kujera, ya ɗauki sandarsa ya tafi. Masu rinjaye suka amince da takarda. Aka sa zaɓe mako biyu masu zuwa.

A makonnin nan biyu Arzika ya gano hanyoyi da yawa na zuwa fadama ba tare da ya bi ta ƙofar gidan Alhaji ba. A masallaci ya canza sahu. Ya zagaya ƙauye ƙauye yana neman goyon baya, ko'ina ya je a ba shi ruwa, a ce, "Allah shi ba mai rabo." Shi kuwa ya riƙa ƙirga wannan addu'a a matsayin ƙuri'a.

Zaɓen ƙungiyar ba na akwati ba ne. Ƙato bayan ƙato ake yi: ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su jeru a bayansa. Akwai kuma tsohuwar ƙa'ida, ɗan takara ba ya waiwaye sai an gama ƙirga, don kada idonsa ya jawo wanda kunya kawai za ta kawo. Malam Ashiru, malamin allo da kowa ya yarda da amanarsa, shi ke ƙirgawa.

Da aka ce masu takara su fito, Arzika ya fito. Yana cikin gyara tsayuwa sai ya ga Sama'ila shi ma ya fito, yana gyara hula.

"Jama'a suka matsa mani," in ji Sama'ila a hankali. "Ka san ba a ƙin jama'a."

Arzika ya fuskanci titi. Ya ji takalma na jan ƙasa, ya ji tari, ya ji ana cewa a matsa a matsa. Ya ji numfashin mutum daf da ƙeyarsa, hankalinsa ya ɗan kwanta. Wuyansa na ta son juyawa, yana danne shi.

Malam Ashiru ya fara. Arba'in da ɗaya, arba'in da biyu. Muryar tana nisa, kuma duk ta hagu take, wajen Sama'ila. Sai da aka kai ɗari biyu da goma sha uku.

Sannan malamin ya tako bayansa.

"Ɗaya," ya ce.

Arzika ya jira biyu. Malam Ashiru ya rufe littafi.

Ya waiwaya. Alhaji Ɗantani ne, dogare da sanda, da wata leda a hammata.

"Baba," in ji Arzika.

"Na yi wa mahaihinka alkawarin in tsaya bayanka," in ji dattijon. "Bai ce sai in ka yi hankali ba."

Ya miƙa masa ledar. Babbar riga ce ta shadda, aiki har ƙasa.

"Tun watan jiya aka gama ɗinkinta. Na so in sauka in an tuge albasa, in sa maka ita gaban jama'a da hannuna. Mako shida suka rage."

Arzika ya durƙusa a nan cikin jama'a, riga a rungume. Dattijon bai ce ya tashi ba, bai kuma tafi ba, sai da ya tashi don kansa.

Daga baya Arzika ya ji abin da Sama'ila ya riƙa faɗa a ƙauyuka, kwana ɗaya bayan shi Arzikan ya wuce kowanne. Tambaya ɗaya ce: wanda ya tsige mutumin da ya rene shi, mu da ba mu rene shi ba fa? Mutanen Alhaji ma ba su buƙaci a yi musu tambayar ba.

Sama'ila ya hau mulki. Aikinsa na farko shi ne soke muƙamin mataimaki. Ya ce ya ga abin da mataimaki ke iya yi.

Rigar kuwa ta yi wa Arzika daidai. Yakan sa ta ranar taro, a benci na huɗu.

Darasi: Wanda ya ba ka wuƙa ka yanke igiyar da ke riƙe da kai, ba hawanka yake so ba. Amanar da ka ci a gaban jama'a, jama'ar nan ce za ta auna ka da ita, kuma abin da haƙurin mako shida zai ba ka, gaggawa na iya raba ka da shi har abada. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta, musamman duk wanda ke zaune kusa da wata kujera yana kallon ƙafafunta.