Sabon Hannun Garmaho

Akwai wani mai gyaran garmaho da na sani a shekarun da nake yawan tafiye-tafiye. Ku yi mini afuwa, 'yan uwa masu bibiyar wannan shafi, sunansa na yanka ya kuɓuce mini, haka ma shekarar da abin ya faru. Tsufa ya fara yi mini ɗauki ɗai-ɗai a ka. Abin da ya rage shi zan ba ku, ba zan cike gurbin da ƙarya ba.

Gwani ake ce masa, shi kuma bai taɓa cewa a daina ba. Shagonsa ɗan tsukuku ne, bango ɗaya da na wani tela, abokinsa na shekaru. Kantar shagon cike take da gwangwanayen notuna, da guntayen waya, da tsofaffin lasifika da ƙura ta rufe.

Don yaran da ba su riski garmaho ba: faranti ne mai juyawa, a ɗora masa faifai, a sauke hannu mai allura a kai, sai murya ta fito. Irin na da, wanda Gwani ya fi ƙauna, ba shi da bel. Wata 'yar taya ce ta roba take shiga tsakanin inji da faranti tana murza shi. In robar ta bushe, sai murya ta riƙa rawa kamar ta mai jin sanyi.

Gwani ya iya aikinsa, wannan babu ja. Abu ɗaya ne da shi: kaya ba ya fita daga shagonsa sai ya gamsu, ko da mai kayan zai kwana a bakin ƙofa.

Wata safiya wata mata ta sauko daga motar haya da wani abu naɗe cikin zanen gado. Direba ya taya ta shigo da shi. Ita kuma ta rungume wani faifai a ƙirji, cikin tsohuwar jakar takarda. Auta ce a gidansu, da haka kowa ke kiranta, ko da yake ita ma ta fara furfura.

"Kawu, ina kwana. An ce mini in kai ba ka gyara shi ba, to ya mutu."

Gwani ya yaye zanen. Ya daɗe bai ga irinsa ba. Ya shafa farantin, ya ɗaga hannun, ya ga ya tsage an ɗaure shi da zare.

"Wane ne ya yi masa wannan wulaƙancin?"

"Babana ne. Shi ya ɗaure shi da kansa." Ta ɗan yi murmushi. "Yana kwance, Kawu, watansa huɗu. Wannan faifan tun Mama tana 'yar makaranta aka ɗauke su suna waƙa, ita da 'yan ajinsu. Akwai wurin da take yi ita kaɗai. Shekara goma sha ɗaya da rasuwarta. Garmahon ya tsaya bara. Yanzu kullum maganarsa ke nan, yana so ya ji ta."

"Zai ji ta," in ji Gwani, idonsa na kan injin. "Zai ji ta yadda bai taɓa jinta ba. Ki dawo nan da mako ɗaya. Faifan ki tafi da shi, kada zafin shago ya lanƙwasa shi."

A ranar ya ajiye sauran ayyuka. Ya cire farantin, ya wanke tsohon man da ya daskare ya zama kamar danƙo, ya zuba sabo. Ya kwance injin ya goge shi. 'Yar tayar ta bushe ƙayau, gefe ɗaya ya lotsa, sai ya nemo wata a cikin gwangwanayensa ya goge bakinta har ta yi sumul.

A rana ta huɗu ya ɗora wani faifansa na gwaji, ya sauke tsohon hannun nan mai zare. Kiɗa ya cika shagon.

Tela ya leƙo da awo a wuya.

"Kai tsoho, ashe har yanzu da sauranka. Ai sai ka aika wa matar nan ta zo ta ɗauka."

"Ka ji wani gunji a ƙasa-ƙasa?"

Tela ya karkatar da kai. "Ni waƙa nake ji."

"Shi ya sa kake ɗinki, ni nake gyara. Kunnenka keken ɗinki ya cinye shi. Akwai gunji, kuma dubi hannun nan. In wani ya shiga gidan ya ga zare a jikin garmaho, aka ce daga shagon Gwani ya fito, da wane ido zan dubi mutane?"

"Wa zai shiga ɗakin majinyaci yana duba zare?"

Gwani ya ɗauki almakashinsa ya datse wayoyin tsohon hannun, ya kwance notinsa, ya jefa shi a aljihun tebur. A ranar ya yi saƙon sabon hannu daga wani gari mai nisa.

Da mako ya cika Auta ta dawo. Ta tarar da garmahon yana ƙyalli, amma babu hannu, sai rami a inda yake a da.

"Saura kaɗan, 'yata. Sabon hannu na hanya."

Bai gaya mata cewa garmahon ya riga ya yi waƙa ba. Ya ga bakin Tela yana motsi daga ƙofa, sai ya harare shi.

"Likita ya ce mu riƙa ba shi duk abin da yake so," Auta ta faɗa a hankali. "Ka san abin da hakan ke nufi, Kawu."

"Na sani. Allah ya ba shi lafiya. Kwana biyar."

Bayan ta tafi Tela ya shigo ya zauna a kan benci, abin da ba ya yi a lokacin aiki.

"Mutumina, mayar da tsohon hannun. Aikin rabin awa ne a wurinka. A kai wa dattijon ya ji matarsa, gobe a dawo maka da shi ka yi ta ƙawata shi har shekara."

"Ba na aiki sau biyu."

"Ni ina yi. Ko jiya na sake wuyan riga sau uku."

"Shi ya sa ba a ce maka Gwani."

Tela ya tashi ya koma kan kekensa. Ranar ba su ci abincin rana tare ba.

A nan akwai kwanakin da suka ɓace mini. Ban tuna ko kwana tara hannun ya yi a hanya ba ko goma sha biyu. Na dai tuna Auta ta zo sau biyu, kuma a zuwa na biyu ba ta zauna ba.

Da hannun ya iso, sai ya zama ya fi tsohon tsawo. Ramin da ke jikin katakon bai dace da shi ba, dole a yanka sabon katako a huda shi daidai nisan da ake so daga tsakiyar faranti. Gwani ya auna, ya huda. Da ya ɗora, sai ya ga ya kauce da kamar kaurin farce. Babu kunnen da zai ji bambancin, shi ma ya san haka. Ya jefar da katakon ya yanka wani.

Na biyun ya zauna daidai. Ya haɗa wayoyin da dalma, ya daidaita nauyin allura da ɗan ma'auninsa, ya gwada. Gunjin ya tafi. Murya ta fito tas kamar mai waƙar yana tsaye a shagon. Gwani ya rufe ido yana jin daɗin kansa.

Da ya buɗe ido sai ya ga sabon katakon fari ne, jikin garmahon kuma ja mai duhu. Ya sake kwance hannun, ya shafa wa katakon fenti mai sheƙi, ya jingine shi a taga ya sha iska.

Da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Auta ce.

"Kawu, don Allah ko a yaya yake a kawo shi yau. Tun safe yake kiran sunanta."

Gwani ya taɓa katakon da ɗan yatsa. Fentin ya kama yatsan.

"Gobe da safe, 'yata. Ni da kaina zan kawo. In na taɓa shi yau, shatin yatsa zai zauna a jiki."

Ta ce, "To, Kawu. Allah ya kai mu."

Washegari ya haɗa komai, ya goge, ya naɗe shi cikin zanen gadon da aka kawo shi. Ya saka rigarsa mai kyau, ya ɗauki motar haya. A hanya yana ta tsara yadda zai yi wa dattijon bayanin sabon hannun.

Tun daga bakin layin ya hango mutane zazzaune a ƙofar gidan, kowa ya sunkuyar da kai. Direba ya rage gudu, ya dube shi ta madubi.

Gwani ya sauka da kayan a hannu. Ya rasa inda zai ajiye, ya rasa yadda zai koma. Yana nan tsaye har aka kira Auta.

"Jiya da la'asar ya cika," ta ce. "Shigo da shi, Kawu, yana da nauyi."

Ta kai shi ɗakin. An naɗe katifa, kwalaben magani na jere a kan taga. Kusa da gadon akwai wani ɗan tebur da aka share, babu komai a kai sai faifan nan a jakarsa.

"Baba ne ya sa aka kwashe kayan da ke kan teburin nan tun makon farko, wai a nan za a ɗora. Kullum in na dawo sai ya dubi hannuna. In na fara faɗa, sai ya ce, ƙyale bawan Allah, mai aikin kirki ba a hanzarta shi."

Gwani ya ajiye garmahon a gefen faifan. Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

"'Yata," ya ce, "garmahon nan ya yi waƙa tun kwana huɗu da kawo shi. Ni na cire hannun. Akwai ɗan gunji, kuma zaren nan… na ji kunyar a ce aikina ne."

Auta ta yaye zanen, ta dubi sabon hannun.

"Gunjin nan," ta ce, "da shi muka tashi. Shekara arba'in Baba yana jin ta da shi. Ban taɓa jin ya ce ya dame shi ba."

Ta zauna a bakin gadon ta share ido da gefen mayafi.

"Tunda ka kawo, saka mana."

Ya ɗora faifan, ya sauke allurar. Muryoyin 'yan mata suka tashi tare, sannan suka yi ƙasa, wata siririyar murya ta ci gaba ita kaɗai. Babu gunji, babu rawar murya. Bai taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba. Auta ta kifa kanta a kan naɗaɗɗiyar katifar. Gwani ya fita bai yi sallama da kowa ba.

Ya ci gaba da buɗe shago, amma ya roƙi Tela ya daina kiransa da sunan nan. Tela ya daina, bai kuma taɓa ce masa ai na gaya maka ba.

Da yake ban yarda da ƙwaƙwalwata ba, bayan shekaru na bi ta gidan na roƙi Auta ta saka mini faifan. Na riƙe agogona ina dubawa. Waƙar duka, daga farko har ƙarshe, minti uku ce da daƙiƙa goma.

Darasi: Kada son a yabi aikinka ya sa ka riƙe abin da wani ke jira da sauran numfashinsa. In alherin da ke hannunka zai yi amfani a yau, miƙa shi a yau ko da bai gama kyau ba, domin fenti yana jira amma rai ba ya jira. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wanda ke riƙe da abin wani yana cewa sai gobe.