Sallau da Bai Ga Teku Ba

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da motar kaya ita ce motar mutane. Sunansa Sallau, sana'arsa haƙar rijiya. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Wani bawan Allah ne gajere, mai kaurin hannu, marar yawan magana. Ku saurara, don ba zan maimaita ba.

Mutumin nan a rami ya ƙare ƙuruciyarsa yana neman ruwa. Sai ya yi ta haƙa har sama ta koma masa kamar bakin tulu kafin ya ga danshi. In ya ga ruwa ya cika ƙoƙo ɗaya, ranar ya yi murna. To, wata rana wani falke ya gaya masa cewa can kudu, bayan ƙasar kurmi, akwai ruwan da ido ba ya ganin ƙarshensa. Maganar ta zauna masa a rai. Bai roƙi Allah bene ba, bai roƙi doki ba. Bayan ɗakin Allah, babu abin da yake so ya gani da idonsa kamar teku.

Yana da abokai uku tun na yarinta. Akwai Jatau mahauci, mai baki kamar wuƙarsa. Akwai Cindo tela. Akwai Mati mai gyaran keke. Wata shekara da aka gama kaka suka ce su ma bari su je su ga duniya. Aljihunsu babu nauyi. Sai suka sami wani direban motar albasa ɗan garinsu, ana ce masa Barau, suka roƙe shi.

Barau ya ce, "Ku hau kan buhuna, ban ce ku ba ni komai ba. Amma duk kasuwar da na tsaya, ku za ku sauke kaya. Kuma ranar da na juyo gida ba na jiran kowa, ko ubana ne."

Suka ce sun ji.

Guzurinsu garin rogo ne da ƙuli-ƙuli da ɗan kilishin da Jatau ya yi. Tabarma biyu, buta ɗaya. Shi ke nan.

A tasha Cindo ya tuna abin da malamai suka koyar, cewa in mutane za su yi tafiya su naɗa ɗaya daga cikinsu shugaba. Jatau ya kwashe da dariya.

Ya ce, "A ba ɗan rami. Shugaba ai shi ke ɗaukar buta, shi ke roƙon masauki, in an kore mu shi za a zaga. Ranka ya daɗe, Sarkin Tafiya, ga tabarmi."

Suka yi dariya su uku. Sallau bai yi ba. Ya karɓi tabarmin ya ɗora a kafaɗa.

Ya ce, "Na karɓa. Amma doka biyu. Ba mai ci shi kaɗai. Ba a barin kowa a baya."

Jatau ya ce, "Ji shi. Ko rawani ba a naɗa masa ba ya fara mulki."

Suka hau, mota ta tashi.

Tafiya ta yi daɗi, kar wani ya gaya muku talaka ba ya jin daɗin tafiya. Suna zaune bisa albasa, iska na dukansu, ƙasa na sake kama a gabansu. Karan dawa ya ƙare, gonakin doya suka fara. Itatuwa suka yi ta tsawo har suka haɗa kai a saman hanya. Ruwan sama ya dake su a watan da garinsu ko gajimare babu, suka shige ƙarƙashin tamfol suna wa juna tsiya. Suka ga ayaba a bakin hanya ana sayar da ita kamar kyauta. Suka ga itacen goro da idonsu, Mati ya tsaya ya gaishe shi, ya ce ashe kai ne ke cinye mana aljihu. Cindo kuwa duk macen da ta wuce sai ya bi ɗinkin rigarta da kallo, har Sallau ya ce masa ya riƙa kallon ƙasa, mutanen nan ba su san tela ne ba.

Inda dare ya yi musu nan suke kwana, yau barandar masallaci, gobe ƙarƙashin mota. Sallau ke zuwa ya yi sallama ya nemi izini. Shi ke jiƙa gari, ya raba ƙuli-ƙuli, ya ɗauki nasa a ƙarshe. Shi ke tashinsu salla. Duk garin da suka shiga kuma sai ya leƙa rijiyarsu, ya girgiza kai ya ce, "Wannan ai da hannu ma a ɗebo." Ya koma ya tambayi Barau, "Saura nisa?"

Barau ya ce, "Ka dame ni. In mun kusa hancinka zai gaya maka."

Haka kuwa aka yi. Suka iso wani gari mai babbar kasuwa, inda Barau zai sauke ragowar albasa ya ɗora manja da goro. Iskar garin akwai gishiri a cikinta. Sallau ya tsaya a tsakiyar tasha yana shaƙa.

Barau ya ce, "Daga nan ba na ƙara gaba. Gobe ina lodi, jibi da asuba na juya. Goben nan ita ce taku. Ku bi ƙananan motocin masu kifi, kafin rana ta take kuna bakin ruwa."

Suka sami masauki a gidan wata tsohuwa mai sayar da bandar kifi. Ba ta jin Hausa, ba sa jin yarenta. Da hannu aka daidaita. Suna ce mata Iya, tana amsawa.

Yanzu ku saurara da kyau. Da yammacin ranar Jatau ya zame ya shiga kasuwa. Gari da ƙuli-ƙuli sun ishe shi. Ya ga wata miyar ƙaguwa da ta wuni a rana, ya saya ya shanye shi kaɗai a bayan rumfa, ya goge baki ya dawo. Shi a ganinsa cikin mahauci ba abin da zai gagare shi.

Da gari ya waye Sallau ya riga kowa shiri. Ya yi wanka, ya sa rigarsa ta salla da ya ɓoye a ƙasan jaka tun daga gida saboda wannan rana. Ya je ya tashi Jatau, ya tarar da shi a dunƙule, idanu sun faɗa, amai da gudawa sun hana shi ko miƙewa.

Mati ya leƙo daga bakin ƙofa ya ce, "Mu bar shi wurin Iya mana. Kafin magariba mun dawo."

Sallau ya ce, "In ya nemi ruwa, da wane baki zai gaya mata? Kuma namiji ne. Tsohuwar mutane za ta ɗaga shi ta kai shi bayan gida?"

Cindo ya sosa ƙeya. Ya ce, "To ko ni in zauna. Kai ka fi mu son ganin abin nan."

Bakinsa ne ya faɗa, amma ƙafarsa tana waje. Sallau ya gani.

Ya ce, "Kun naɗa ni ko ba ku naɗa ni ba?"

Mati ya ce, "Haba Sallau, ai da wasa muka yi."

Ya ce, "Ni ban karɓa da wasa ba. Ku tafi. Ku riƙe juna, kar wanda ya shiga ruwa ya wuce gwiwa."

Suka tafi. Ya cire rigar salla ya ninke, ya mayar da rigar aiki jikinsa.

Abin da Sallau ya yi a wunin nan ba zan buɗe muku shi duka ba, muna cikin masallaci. Ya ɗauki ƙaton nan a baya ya kai shi, ya dawo da shi, ya sake kai shi. Da abin ya fi ƙarfin Jatau ya ɓata jikinsa, Sallau ya wanke shi, ya wanke wandon, ya shanya a bayan ɗaki inda ba mai gani. Iya ta fasa ɗanyar kwakwa ta nuna masa da hannu ya riƙa ba shi ruwan kaɗan kaɗan. Ya zauna yana ɗura masa.

Jatau ya buɗe ido ya ce, "Ɗan rami, na ci ni kaɗai."

Sallau ya ce, "Na sani. Sha."

"Ka tafi mana. Me kake yi a nan?"

"Sha, na ce."

Bayan azahar Jatau ya sami barci. Iya ta zo bakin ƙofa ta taɓa Sallau, ta nuna masa wata motar masu kifi da ke shirin tashi, ta nuna ƙirjinta, ta nuna marar lafiya. Wato je ka, ina nan. Jama'a, mutum ne shi, ba dutse ba. Ya dubi rana, ya ga in ya tafi yanzu zai iske ruwan da sauran haske. Ya tashi. Ya sa takalmi. Ya kai bakin zaure, iskar nan mai gishiri ta bugi fuskarsa. Sai ya ji Jatau daga ciki, da wata 'yar murya kamar ta yaro, yana cewa, "Sallau, buta."

Ya tsaya. Motar ta yi ƙaho. Ya cire takalmin ya ajiye a gefe, ya ɗauki buta ya koma ciki.

Da magariba Cindo da Mati suka dawo, wanduna jiƙe, ƙafafu duk yashi. Suka shigo da surutu, suka tarar da Sallau zaune. Cindo ya miƙa masa wata kwalba cike da ruwa.

Sallau ya buɗe ya ɗanɗana, ya tofar. Ya ce, "Ashe ba a sha."

Mati ya ce, "Ba a sha."

"Amma da girma?"

Cindo ya ce, "Sallau, ba ya faɗuwa da baki."

Sallau ya gyaɗa kai, ya toshe kwalbar ya sa a jaka. Ya ce, "Ku zo ku ci gari."

Da asuba suka ɗora Jatau bisa buhunan goro. A hanya ya jawo rigar Sallau ya ce masa a kunne, "Don Allah kar a ji wannan a gida. In aka ji, wa zai ƙara sayen nama a hannuna?" Sallau ya ce ba za a ji ba. Ya tara sauran biyun ya ce musu wannan ita ce dokarsa ta ƙarshe: duk wanda ya tambaya, a ce Sallau bai samu zuwa ba, kar a ƙara ko kalma.

Suka iso gida, gari ya taru jin labari. Aka ce, "Sallau, ka ga tekun naka?"

Ya ce, "Na kai kusa."

Kun san bakin mutane. Wani ya ce tsoro ya ji. Wani ya ce ƙarar ruwan ya jiyo daga nesa ya ɓuya a ɗakin wata tsohuwa. Aka sa masa suna Na-kusa. Yana cikin rami ana leƙo shi ana cewa, "Na-kusa, ka kai ko da saura?" Ya ce da saura, ya ci gaba da haƙa. Jatau na zaune a majalisa ana wannan, ya sunkuyar da kai. Wani lokacin har ya taya dariya don kar a gane. Sallau ya gan shi yana dariyar, bai fasa gaishe shi ba, bai fasa sayen nama wurinsa ba.

Shekaru suka tafi. Jatau ya bar fawa ya shiga fataucin shanu, Allah ya buɗa masa har ya sayi mota. Sallau kuwa idonsa ya yi ta raguwa har ya rufe. Wata rana Jatau ya zo ƙofar gidansa ya ce, "Tashi in kai ka teku. A gaban mota za ka zauna."

Sallau ya yi murmushi ya ce, "Da wane ido, Jatau?"

Jatau ya juya ya tafi. Ranar Juma'a, ana idar da salla, ya miƙe a ƙofar masallaci, da furfurarsa da babbar rigarsa, ya ce jama'a su dakata. Ya faɗi komai. Ƙaguwar, da butar, da wandon. Bai rage ko ɗaya ba. Ya ce, "Wanda kuke ce wa Na-kusa, saboda ni ya tsaya a kusa." Ba wanda ya yi dariya.

Aka kai wa Sallau labari. Kuna tsammani ya ji daɗi? Ransa ne ya ɓaci. Ya ce, "Na rufe abu da hannuna, ya je ya tone. Wa ya aike shi?"

Ya rasu bai ga teku ba. Kwalbar nan aka samu a ƙasan jakarsa tare da rigar salla. Garin gaba ɗaya ya bi gawarsa, kuma har yau mutanen wurin in za su yi tafiya sai babba ya ce, a zaɓi Sallaun tafiya.

To irin mazan da aka yi ke nan, kuma ina alfahari da cewa daga irin ƙasarmu suka fito. Ga abin da nake so ku ɗauka. Shugaba shi ne wanda ke ci a ƙarshe, ya tsaya in wani ya faɗi. Amana kuma ko da wasa aka ba ka, in ka karɓa ta hau kanka. Asirin ɗan'uwanka in ka rufe, ka bar shi a rufe, ko da sunanka ne zai biya.

Ku na yanzu kuna tafiye-tafiye fiye da mu. Kuna haɗa kuɗin mota ku tafi ku ga ruwa, ku ga dutse, ku dawo da hotuna cike da waya. Ban hana ku ba, ƙasar Allah ce, ku je ku gani. Amma in abokinku ya faɗi a hanya, wayar kuke fara ɗagawa ko shi? Kowannenku ya tambayi kansa wanda ya taɓa bari a baya, a tasha ko a asibiti ko a cikin gidansu. In ka tuna shi, kar ka kwana ba ka neme shi ba.

Allah ya jiƙan Sallau, ya nuna masa abin da ya fi teku. Ku tashi a ta da salla.