Muryar Hajja Mastura a Cikin Laftof

Akwai wani saurayi a Madain Fahd, nan Jidda, ana ce masa Mus'ab. Yana da kai, ban hana shi ba. Sai dai irin mutanen nan ne da in suka kalli bidiyo biyu a waya, shi ke nan sun zama injiniyoyi. Wallahi irinsu suna ƙona min rai.

Yayarsa Latifatu tana da wata tsohuwar laftof, kuma a ciki ta adana muryar kakarsu Hajja Mastura, wadda ta rasu bara. Shekara biyu tana naɗar hirar tsohuwar: yadda iyayenta suka taso da ita a ƙafa daga ƙasar Hausa, zamansu a Sudan, da ranar da suka haye teku.

Fayil arba'in da ɗaya ne, kuma babu kwafinsu a ko'ina, don ta riga ta goge na wayar da ta naɗa da ita. A na ƙarshe, Hajja ta kira sunayen jikokinta ɗaya bayan ɗaya, ta bar wa kowa wasiyyarsa. Mus'ab bai taɓa zama ya saurari tasa ba. Kullum sai ya ce, "Ba'adain, sai an jima, Yaya, ai tana nan."

Ran wata Alhamis ya ce zai raba rumbun ajiyar laftof ɗin gida biyu, ya saka wani tsarin da yake son koyo.

Latifatu ta ce, "Ka kwafe muryar Hajja tukuna."

Ya ce, "Ma fi mushkila, babu matsala, minti goma ne."

Minti goma ɗin kuwa ya isa. Ya danna inda bai kamata ba, laftof ta mutu. Da ya sake kunna ta, ta ƙi tashi, sai baƙin allo da layin rubutu guda.

Hankalin Latifatu ya tashi. Ta kira Baba Na'ibi, wani dattijo Bahaushen Sudan mai gyaran kwamfuta a kusa da Bab Makka.

Baba Na'ibi ya ce, "Kwantar da hankalinki, 'yata. Kayan suna nan, takardar da ke nuna inda kowanne yake ce ta ɓata. Gobe Juma'a ba na buɗewa. Ku kashe ta, kada kowa ya kunna, ku kawo ta Asabar."

Magana mai sauƙi, ko ba haka ba? Kwana biyu kacal. Amma girman kai rawanin tsiya ne.

Bayan sallar Juma'a Latifatu ta tafi unguwar Khumra gaida gwaggonsu. Mus'ab ya ɗauko laftof yana gunaguni, wai tsoho zai koya masa aiki. Ya ɗora mata sabuwar Windows, ta tashi garau. Da yayarsa ta dawo ya tare ta da murmushi.

"Halas, shi ke nan, na gyara!"

Ta buɗe, ta duba ko'ina. Babu komai.

Ranar Asabar, da Baba Na'ibi ya ji abin da aka yi, ya cire tabarau ya daɗe yana kallon Mus'ab.

"Ya waladi, ɗana, me na ce? Da ka bar ta, da awa ɗaya ta ishe ni in dawo da komai. Yanzu ka zuba sabon kaya a kan tsohon, kuma duk inda sabon ya sauka, tsohon ya tafi har abada."

Mus'ab ya ce, "Amma ai ta tashi, Baba."

"Tashin kuke nema ko kakarku?"



Dattijon ya kwafe rumbun gaba ɗaya zuwa wani, ya kwana uku yana lalube a cikin kwafin. Ya tsamo fayil talatin da uku. Bakwai sun salwanta, har da na ranar hayewar teku. Na wasiyya kuma ya dawo, amma rabi.

Suka kunna shi a shagon. Muryar Hajja ta fito, tana yi wa Latifatu addu'a, sannan ta bi sauran jikokin. Can ta yi 'yar dariya ta ce, "Shi kuma Mus'ab, ɗan autana, ku gaya masa..."

Sai ƙara, sannan shiru.

Mus'ab ya juyo da sauri. "Yaya, kina wurin. Me ta ce?"

Hawaye na zuba, Latifatu ta ce, "Ruwa na fita ɗebo mata, na bar wayar tana ɗauka. Da na zo saurare daga baya, na tsallake wurin. Na ce naka ne, kai za ka fara ji."

Har yau yana da guntun nan a wayarsa. Yana kunna shi, yana kaiwa sunansa, yana yankewa.

Darasi: In ka yi ɓarna, ka tsaya, ka bi maganar wanda ya san aikin, domin gyaran gangar auzinawa ya fi ɓarnar farko ciwo. Kuma duk abin da ba za a iya maimaita shi ba, ka ajiye shi wuri biyu tun yau. Ku tura wa Mus'ab ɗin gidanku, na san kowa yana da nasa.