Jar Giyar Gidan Tarana

To jama'a, ku gyara zama, yau mai ƙaya na kawo muku. Kai Malam Ilu, saki fuskar nan. Labarin giya ne, amma ba ƙoƙo zan miƙa maka ba, aron kunne kawai nake nema.

A wani ƙauyen Maguzawa da ke gindin dutse an yi wata tsohuwa, Tarana. Dafa giya gadonsu ne, uwa ta bar wa 'ya. Kuma ba irin ta kasuwa ba ce mai ruwa-ruwa. Tasu ja ce wur, mai kauri, wadda tsofaffi ke cewa ƙoƙo ɗaya ya ishi mutum hira har yamma. Abu uku ke fitar da ita. Akwai wata tsohuwar jar dawa da kowa ya daina shukawa don ba ta da auki, sai su. Akwai randar kakar kakarta, wadda ba a taɓa wanke cikinta ba, domin abin da ya kama a gindinta shi ke tayar da giyar, suna ce masa uwa. Sai kuma ido, wato sanin irin jan da dahuwa za ta yi kafin a janye wuta. Mai riƙe da sana'ar tana sa wata munduwar jan ƙarfe, guda ɗaya tak, kuma wadda ta gaje ta, sunanta ake kira bayan na kakanni a ranar biki.

Da ciwon ajali ya kama mijinta Nomau, ya riƙe hannunta ya ce, "Tarana, kin dafa wa mamatan garin nan kaf. Kada ki bari a yi bikin shekarata da ruwan kasuwa." Ta ce ta ɗauka. A al'adarsu, in mutum ya shekara da mutuwa, abokansa kan taru a kabarinsa su zuba masa ƙoƙon farko. Wanda aka zuba wa giyar aro, sai a ce gidansa ya mutu tare da shi.

Wata biyu da binne shi, da rana tsaka, wutar daji ta faɗo gidan. Rumbu ya ƙone ƙurmus, ko ƙwayar iri ba ta tsira ba. Ɗakin dahuwa ya rufta. Hayaƙi ya ƙarasa ɗan ganin da ya rage wa tsohuwa. Wayyo Tarana! Ta zauna a inuwar tsamiya tana lissafa watanni da yatsu, ba dawa, ba randa, ba ido, ga alkawari a wuya. Abinci ma ta daina ci sai an matsa mata. Ba mutuwa take tsoro ba, kunyar haɗuwa da Nomau take ji.

To, 'ya'yanta uku ne, duka mata.

Babbar, Kande, ta musulunta tun da daɗewa, ta koma Hajara, tana aure a gidan malamai a cikin gari. Ranar da za a kai ta, uwar ta ƙulla mata tafi ɗaya na jar dawar nan a bakin zane. Shekara goma sha ɗaya tana shuka kunya biyu a bayan ɗakinta, matan unguwa suna mata dariya, wai dawar arna ko kaji sai sun yi shawara kafin su ci. Ba ta fasa ba. Shekarar nan kuwa damina ta yi gardama, abin da ta samu dami ɗaya ne, shi ne kunun 'ya'yanta, shi ne irin baɗi. Da labari ya iske ta, ta kwana uku tana kokawa da zuciyarta, don ta san abin da addininta ya ce. Mijinta ya ce in ta fita da damin nan ba da yawunsa ba. Ta ɗora shi a ka, ta yi tafiyar yini guda a ƙasa, ta sauke a gaban uwar ta ce, "Inna, ni dawa na kawo miki. Ba zan jiƙa ba, ba zan tsaya ba, amma ba zan iya ci ina jin kina kuka ba." Ba don ita ba, da sai dai a dafa iska.

Ta biyu, Cindo, ita ke zaune a ƙauyen. Ranar gobara kowa ya yi ta kansa, masu jan akuya na ja, masu kwasar tufafi na kwasa. Ita ɗakin dahuwa ta faɗa, jinka na ci a samanta. Ta mirgino randar har bakin ƙofa, azara ta faɗo ta fasa ta, ta sa hannu biyu cikin garwashi ta ciro gindin. Yatsunta suka ƙone suka lanƙwashe, har yau ba ta iya riƙe muciya. Ba ta gaya wa uwar ba, don tana tsoron ta sa mata rai uwar giyar ta mutu a hanya, baƙin ciki ya zama biyu. Sai ta ɓoye kaskon a ɗakinta, duk mako ta rage daga hatsin tuwonta ta dama masa ɗan ruwan tsiro don kada ya bushe. Wata goma tana ciyar da fasasshen kasko kamar jinjiri, ita tana ramewa. Ba don ita ba, da an dafa dawar Kande an sami kunu mai tsami, shi ke nan.

Ta uku, Shekara, ita ce auta, kuma ita ce wadda aka kora daga bakin murhu. Tana budurwa uwar ta bar mata tsaron tukunya ranar wani babban biki, ta ga ja ta janye wuta da wuri, giyar ta fito salam. Tarana ta kwaɗa mata mari a gaban mutane ta ce, "Idonki na ado ne, kada ki ƙara matso mini tukunya." Yarinya ta tattara ta tafi birni sayar da abinci, shekara tara ko sallahu babu. Amma tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Da ta ji halin da uwar ke ciki, ta rufe rumfarta ta dawo, ba ta jira an ba ta haƙuri ba. Ita ta jiƙa dawar, ta shanya tsiro, ta niƙa, ta yi yini biyu a bakin wuta har tafinta ya yi bororo. A rana ta biyu tsohuwa ta shaƙi ƙamshi ta ce, "Ta yi, janye wuta." Shekara ta leƙa tukunya. Ta ce, "Inna, ba ta yi ba. Wannan jan na san shi, shi ne na ranar da kika mare ni. Shekara tara ina ganinsa." Tsohuwa ta daka mata tsawa, ita kuwa ta ƙara itace. Sai da jan ya yi duhu kamar goron da aka tauna, sannan ta janye. Ba don ita ba, da dawar Kande da yatsun Cindo sun tafi a banza.

Aka tace, aka bari ta huce, Cindo ta fito da kaskon da ta ɓoye, aka sa shi a gindin sabuwar randa. Kwana biyu giya ta tashi tana huci. Ranar biki tsofaffi suka taru a kabari. Barmo, aminin Nomau tun suna kiwo, ya ɗebi ƙoƙon farko ya zuba a ƙasa, ya ɗebi na biyu ya kurɓa. Ya juya ta a baki, Tarana kuwa ta kasa kunne. Can ya goge ido da bakin riga ya ce, "Nomau, sha. Ta gidanka ce." Tsohuwa ta fashe da kuka, ta ce yanzu ko gobe aka kira ta, ta shirya.

Da yamma ta aika aka kirawo Kande daga gidan maƙwabta inda ta zauna nesa da taron, sauran biyun suka matso. Ta zare munduwar ta ce su miƙo hannu. Ta shafa na farko, ta ji hannun da ya shekara goma sha ɗaya yana tsaron iri, ga shi bai san ko zai tarar da ƙofar mijinsa a buɗe ba. Ta shafa na biyu, ta ji lanƙwasassun yatsu. Ta shafa na uku, ta ji bororo, ta tuna marin da ta yi. Masu kiran sunaye suna tsaye suna jira, suna ɗaya ake kira, munduwa kuwa ba ta rabuwa uku.

Ni dai nan na sauke kayana, saura ku ɗauka. Malam Ilu, na ga bakinka na motsi, bari kowa ya ji tukuna. Mai iri, mai kasko, ko mai ido: a hannun wa Tarana za ta sa munduwar nan?