Ɗanyen Katakon Alhaji Mudi

Alhaji Mudi ɗan kasuwar hatsi ne a Ƙarfi, mai sayen masara da waken suya yana kaiwa Funtua. Allah ya buɗa masa, amma ya tashi da wani hali: duk wanda bai kai shi samu ba, a ganinsa bai kai shi sani ba.

Wata shekara ya ƙudura gina babban sito kafin kaka. Ya sayo katako daga Malumfashi, aka jibge shi a ƙasa, ruwan Agusta yana ta dukansa har mako uku. Da Malam Jibo kafinta, dattijon da ya shekara talatin yana rufin ɗakuna, ya zo fara aiki, ya tarar da farar fumfuna ta kama na ƙasa. Ya ce a ware waɗanda suka soma taushi a yar, sauran a ɗora su kan bulo a inuwa su sha iska su bushe, a shafe su da maganin katako, a kuma bar ƙofofin iska a saman bango.

Alhaji ya dube shi sheƙeƙe. "Jibo, ƙusa na kira ka ka buga, ba wa'azi ba."

"Alhaji, danshin da ke cikin icen nan shi zai cinye shi," in ji Malam Jibo. Ya tattara kayan aikinsa ya tafi.

Alhaji ya samo wani kafinta marar musu. Cikin kwana biyar aka ɗora kwano, aka toshe ko'ina. Ya riƙa kawo baƙi yana nuna musu ginin kamar shi ya fara sito a duniya.

A damina ta biyu matarsa Hajiya Hajo ta gaya masa wurin yana warin ruɓa, kuma kwanon ya soma lotsawa. Ya sa aka lafta wa katakon fenti, ya ce magana ta ƙare.

Wata Laraba da hantsi, ana tsuga ruwa, rufin ya rufto kan buhunan masara, har da na manoman da suka ba shi ajiya. Kafin a kwashe, rabi ya jiƙe ya lalace. Masu kwasar ɓaraguzai suna ɗaga katako yana marmashewa a hannunsu. Alhaji kuwa ya tsaya a gefe yana rantsuwa cewa sammun maƙiya ne. Daga ranar ba manomin da ya sake kai masa ko tiya ɗaya.

Darasi: katako yana ruɓewa ne idan aka rufe shi da danshi aka hana shi iska, fenti kuma ba ya warkar da ruɓa. Idan mai sana'a ya faɗa maka gaskiyar aikinsa, ka saurare shi ko da kana ganin ka fi shi, domin asarar girman kai ba ta tsayawa kan mai ita kaɗai.