Talotalon da Ya Cinye Maganin Maƙwabta

An yi wata Zabuwa a wani gidan gona da ke bakin fadama, mai saurin fushi, wadda in an taɓa ta sai unguwa ta ji. Tana zaune da Akuya, baiwar Allah mai haƙuri, da kuma Talotalo, wanda in ya baza wutsiya ya kumbura, gani yake gidan kaf dominsa aka gina.

Da ruwan farko ya sauka, Zabuwa ta fara ƙwai a cikin ciyawar bayan rumbu. Na farko ya fito da ɓawo mai laushi kamar dafaffen ganye, tana juya shi ya fashe. Na biyu haka, na uku ma haka. Hankalinta ya tashi, don zabi a damina suke ƙwai, in ta wuce sai baɗi.

Ita ma Akuya ba daɗi take ji ba. Ta haifi tagwaye, nono ya ƙi zuwa, kullum tana lasar katanga tana tauna tsumma.

"Yaya Akuya, tashi mu je wurin Inna Bushiya," in ji Zabuwa. "Zama ba zai yi mana ba."

Inna Bushiya tsohuwa ce mai ba da magani a gindin kuka, ba ta da gaggawa ko kaɗan. Ta dubi Zabuwa sama da ƙasa, ta shiga tambaya. "Me kike ci da safe? Yaushe abin ya fara? Ƙafafunki na rawa in kin daɗe a tsaye?"

Zabuwa ta ƙosa. "Inna, magani fa na zo karɓa, ba shari'a ba!"

"In ban san abin da jikinki ya rasa ba, me zan ba ki, 'yata?"

Da ta gama bincike, sai ta ba Zabuwa dakakken ƙwanson katantanwa a cikin kasko. "Ki riƙa tsattsagar kaɗan kowace safiya, shi zai ƙarfafa ɓawon ƙwanki. Ki yi tattali, iyakar abin da ya rage mini ke nan." Akuya kuma ta ba ta dunƙulen jar kanwa. "Ke lasa ɗaya bayan kwana uku, ki haɗa da harawa. Kada ku yi musaya. Kanwar nan gyara ce a cikin akuya, amma a cikin tsuntsu ɓarna ce."

Ba a yi mako ba, nonon Akuya ya kawo, gashinta ya fara sheƙi. Zabuwa ta yi ƙwai na huɗu, ta ƙwanƙwasa shi da baki, ta ji shi da ƙwari. Murna kamar ta tashi sama.

Duk abin nan Talotalo na kallo, ransa na ɓaci. Lafiyarsa ƙalau, amma ba ya son a ce wani ya samu abin da shi bai samu ba.

Wata safiya Zabuwa ta dawo daga kiwo, ta tarar da shi tsaye a kan kaskonta, yana share sauran garin da baki.

"Kai! Kai! Me nake gani haka?" Ta taho a guje, fukafukai a buɗe. "Maganina ka cinye? Kai ƙwai kake yi?"

"Rage murya, ke 'yar zane-zane," in ji Talotalo, yana goge baki a ƙasa. "Abin da ya gyara ƙaramar halitta irinki, ai ni ya fi dacewa da shi."

"Ka ji marar kunya! In kana so, ƙafa gare ka, ka je wurin Inna ta duba ka!"

"Ni? In zauna wata tsohuwa mai ƙaya ta riƙa tambayata abin da na ci? Allah ya sawwaƙe. Ku da ake ba kaɗan-kaɗan kun yi kyau, to ni da zan ci duka fa?"

Yana faɗin haka ya wuce turken Akuya, ya hau saran kanwar da baki.

"Malam Talotalo, don Allah ka bari," in ji Akuya a hankali. "Inna ta ce ba ta tsuntsaye ba ce."

"Rowa ce kawai!" Ya ci gaba da sara yana haɗiya, har dunƙulen ya koma rabi.

Zabuwa ta bi shi da masifa har bakin rijiya, muryarta ta dishe. Amma faɗa bai mayar mata da garin ba. Bayan kwana biyu ta yi ƙwai na shida, ya fito da laushi, ya fashe a gabanta. Ta ture ɓawon gefe da baki, cike da baƙin ciki.

Shi kuwa Talotalo, tun ranar ƙishirwa ta kama shi. Ya shanye ruwan kwatarniya, ya koma kan na Akuya, bai ƙoshi ba. Sai gudawa ta ɓalle masa. Wutsiyar nan da yake taƙama da ita ta ɓaci, ta manne, ƙudaje na binsa duk inda ya yi. Jan wuyansa ya koɗe. Ya yunƙura zai kumbura, ƙafafu suka ƙi ɗaukarsa, ya kife a gaban akurki, kaji suka kewaye shi suna kallo.

"Zabuwa, ƙanwata," in ji shi da ƙyar, "ku taimake ni."

"Yau kuma ni ce ƙanwa? Ina 'yar zane-zane?"

Da ta ita ce, a nan zai kwana. Amma Akuya ta durƙusa, aka ɗora mata shi a baya, suka nufi gindin kuka, Zabuwa na biye tana faɗa har suka isa.

Inna Bushiya ta saurari labari, ƙayoyinta suka miƙe don haushi. "Me ke damunka kafin ka ci?"

"Ba komai, Inna."

"Ba komai! Lafiyayye da kai, ka sace maganin mai lalura, ka ɗura wa cikinka abin da ba ya nema! Da ka zo, da na ce maka ka rage dawa, ka riƙa zagaya gona, shi ke nan. Yanzu ga shi ka jawo wa kanka cuta, ka jawo wa yarinyar nan asarar ƙwai."

Ta sa shi kwana bakwai ba ya cin komai sai jiƙaƙƙiyar dusa da ruwa mai tsabta. Ya rayu, amma gashin wutsiyarsa ya zube har tsiron ƙarshe.

Da ya fara takawa, Zabuwa ta tare shi a ƙofar gida. "Fadama za ka. Duk ƙwanson katantanwar da ka gani, ka kawo wa Inna ta daka. Sai kaskona ya cika za ka huta."

Haka ya yi ta safa da marwa cikin taɓo, bayansa a tsiraice, kwaɗi na yi masa dariya. Kafin gero ya fid da kai, Zabuwa ta fito daga bayan rumbu da 'ya'ya tara a bayanta. Ta ƙirga su, ta tuna da huɗun da suka fashe, ta harari Talotalo, ta wuce.

Darasin wannan labari shi ne, yara, jiki kowa da irin nasa, kuma kowane jiki da abin da ya rasa. Maganin ƙarin jini ko na ƙarin kuzari da ya yi wa maƙwabcinku amfani yana iya kwantar da ku, yawansa kuma ba ya ƙara lafiya. Kafin ku sha, ku je wurin ma'aikacin lafiya ya duba ku, ku amsa tambayoyinsa da gaskiya, ku tsaya a kan adadin da ya faɗa. In ya ce ba ku buƙatar komai, ku gode wa Allah, ku bar wa mai lalura abinsa.